Wa Ke Ƙirga Talaka? Tarihin Zaman 'Yan Jarida da Masana Zamantakewa a Amurka

Gabatarwa

Duk garin da masu hali da marasa hali ke zaune tare, ba a rasa wani bayani da aka saba bayarwa game da abin da ya sa na ƙasa yake ƙasa. Bayanin yana nan a ajiye tun kafin a yi tambaya, kuma galibi talakan yake ɗora wa laifi. A ce malalaci ne, ko a ce ba ya kula da kansa, ko a ce gidansu ne babu tarbiyya. Masu mulki da masu dukiya ba su cika ƙin irin wannan zance ba, tun da ba ya neman su sauya komai.

Masu sana'a biyu ne ke da ikon ƙaryata shi. Akwai ɗan jarida, mai ƙafar zuwa inda abu ya faru, mai muryar da jama'a ke saurara. Akwai kuma masanin zamantakewa, mai haƙurin ƙirge, wanda ya san hanyar gwada magana a ga ko za ta tsaya da ƙafafunta. Ɗan jarida yana iya ganin gida ɗaya ya ɗauka ya ga gari. Masani kuwa yana iya sanin gari duka, amma saninsa ya tsufa a kan kanta ba wanda ya ji. Saboda haka ne wasu gidauniyoyi da jami'o'i, musamman a Amurka, suka ƙirƙiro abin da zan kira zaman nazari: a ɗauko ɗan jarida daga ɗakin labarai, a biya shi abin da zai riƙe iyalinsa na wasu watanni, a zaunar da shi cikin masana ba tare da edita yana tsaye a kansa ba.

A wannan maƙala ina so in bi sawun wannan haɗuwa cikin shekara ɗari da 'yan kai. Abin da na fahimta shi ne, babban abin da zaman nazari ke saya wa ɗan jarida lokaci ne, kuma sai da lokaci ake iya tuhumar bayanin farko da ya zo hannu. Inda aka ba haɗuwar lokacinta, laifi ya tashi daga kan talaka ya koma inda ya dace. Inda aka yi ta a gurguje, sai aka ƙara masa kaya.

Kalandar mutuwa ta Pittsburgh

Kafin Amurka, birnin Landan ya ga aikin nan rabi-rabi. A shekarar 1849 ɗan jarida Henry Mayhew ya fara shiga lungunan talakawa yana rubuta labarin masu talla da masu shara da maɗinka a jaridar Morning Chronicle, yana barin su su faɗi halinsu da bakinsu. Kusan shekara 40 bayan haka, a 1886, wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, ya soma ƙirga talakawan birnin titi-titi, har ya kai ga cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na mutanen Landan suna cikin talauci. Ɗaya ya kawo fuska, ɗaya ya kawo adadi, amma ba su yi aiki tare ba. Sai a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania aka tara fuska da adadi ƙarƙashin rufi ɗaya da gangan.

Kuɗin aikin ya fito daga inda ba a zata ba. Russell Sage attajirin Niyok ne da ya tara dukiya ta harkar jiragen ƙasa da ba da bashi, kuma ya shahara da rowa. Da ya mutu a 1906, dukiyar ta koma hannun matarsa Olivia Sage. A 1907 ta ware dala miliyan 10 ta kafa gidauniya da sunansa domin kyautata rayuwar jama'a a Amurka. Cikin ayyukan farko da gidauniyar ta ɗauki nauyi har da binciken Pittsburgh, wanda a lokacin shi ne cibiyar narka ƙarfe ta ƙasar.

Wanda ya jagoranci binciken ɗan jarida ne, Paul Kellogg, editan wata mujalla ta masu aikin jinƙai. Ya tara masu bincike da dama, cikinsu akwai ɗaliban tattalin arziki da lauyoyi da marubuta, ga mai ɗaukar hoto Lewis Hine da mai zane Joseph Stella. Suka zauna a birnin daga 1907 zuwa 1908. John Fitch ya bi ma'aikatan ƙarfe, ya tarar da yawansu suna aikin awa 12 a rana, wasu kwana bakwai a mako, kuma idan za a juya masu aikin rana zuwa na dare, mutum yakan yi awa 24 a tsaye. Margaret Byington ta shiga gidajen garin Homestead tana rubuta abin da ke shiga tukunya da abin da ke fita aljihu.

Aikin da ya fi jan hankalina shi ne na Crystal Eastman, wadda ta gama karatun lauya a 1907. A wancan zamani, idan ma'aikaci ya mutu a bakin aiki, bayanin da ke ajiye shi ne sakacinsa ne ya kashe shi. Doka ma ta bi bayan wannan zance. Mai kamfani yakan kuɓuta idan ya nuna cewa mamacin yana da hannu a kuskuren, ko abokin aikinsa ne ya jawo, ko kuma ya san aikin na da haɗari tun ranar da ya karɓe shi. Eastman ta ɗauki shekara ɗaya cur, daga Yulin 1906 zuwa Yunin 1907, ta ƙirga duk wanda aiki ya kashe a gundumar Allegheny. Mutum 526 ta samu. Ta bi takardun mai binciken gawa, aka ziyarci iyalan mamatan, ta auna kowane haɗari ta ga daga ina ya taso. Ƙirgen ya nuna sakacin ma'aikaci bai isa ya bayyana mafi yawan mace-macen ba. Akwai injuna marasa kariya, akwai gajiya, akwai matsin a yi sauri. Ya kuma nuna iyalai da yawa ba su samu ko sisi ba, wasu kuɗin jana'iza kawai aka ba su.

Da masani ne kaɗai ya yi aikin, da watakila ya tsaya a jadawali. Amma da yake akwai hannun 'yan jarida a ciki, sai aka zana kalandar shekarar, aka sa jar alama a kan kowace rana, alama ɗaya ran mutum ɗaya. Wanda bai iya karanta jadawali ba yana iya ganin watan da ya yi ja. Kellogg bai jira littattafai ba, ya fara fitar da sakamakon a mujallarsa cikin watanni uku na farkon 1909. Littattafai shida suka biyo baya tsakanin 1909 da 1914.

Sauyi bai zo da sauƙi ba. An sa Eastman cikin hukumar da ta tsara dokar biyan diyya ga ma'aikata ta jihar Niyok a 1910. Ranar 24 ga Maris 1911 babbar kotun jihar ta soke dokar, tana cewa ta taɓa haƙƙin dukiyar masu kamfani. Washegari, 25 ga Maris, gobara ta tashi a masana'antar ɗinka rigunan mata ta Triangle a birnin Niyok, ta kashe mutum 146, akasarinsu 'yan mata baƙin haure. Cikin 'yan shekaru jihohi suka yi ta kafa dokar diyya, Pennsylvania ta yi tata a 1915. Aikin awa 12 kuwa sai a 1923 babban kamfanin ƙarfe na ƙasar ya yarda ya bar shi. Ƙirge shi kaɗai bai kawo waɗannan dokoki ba, amma ya riga ya karya hujjar da ake fakewa da ita, har ranar da fushin jama'a ya tashi aka tarar da amsa a rubuce.

Yadda aka raba gari

Wannan zama na Pittsburgh bai zama al'ada ba, domin kowace sana'a ta shiga neman gina katangarta. Robert Park ya yi shekaru kusan 11 yana aikin jarida a birane irin su Minneapolis da Detroit da Niyok kafin ya zama malami a Jami'ar Shikago yana da kimanin shekara 50. Yana kallon masanin zamantakewa a matsayin ɗan jaridar da ke bin labarin da ya fi kwana ɗaya tsawo, kuma yana tura ɗalibansa su taka unguwannin birni da ƙafarsu. Sai dai shi kansa ba ya son a gauraya bincike da fafutukar gyara. Waɗanda suka biyo bayansa sun ƙara nisa. A 1929, William Ogburn, shugaban ƙungiyar masana zamantakewa ta Amurka, ya yi jawabi yana kira ga masana su bar zancen gyaran duniya, su rungumi ƙididdiga, su kuma haƙura da rubutu mai daɗin karatu. Ta ɓangaren jarida, Walter Lippmann ya riga ya yi gargaɗi a 1922 cewa labari daban, gaskiyar al'amari daban, domin jarida tana haska wuri ɗaya na ɗan lokaci ne ta wuce. Daga nan masani ya koma rubuta wa masani ɗan'uwansa, ɗan jarida ya koma bin abin da ya faru jiya.

Akwai waɗanda ba su da halin wannan rabuwa, domin wutar a gidansu take ci. A Maris 1892 gungun fararen fata suka kashe wasu baƙar fata uku a birnin Memphis, masu wani kanti da ke gogayya da na wani farar fata. Ɗaya daga cikinsu aminin Ida B. Wells ne, 'yar jarida mai hannun jari a wata ƙaramar jarida ta birnin. Bayanin da ke ajiye a lokacin shi ne, irin wannan kisa ramuwa ce ga fyaɗen da ake yi wa matan fararen fata. Wells ta ɗauko alƙaluman da jaridar fararen fata ta Chicago Tribune ke tarawa, ta nuna cewa a cikin kusan kashi biyu bisa uku na kashe-kashen, ko zargin fyaɗe ba a yi ba. Aka farfasa mata ɗab'i, dole ta bar kudu, amma ba ta ajiye ƙirge ba. W.E.B. Du Bois ya bi hanyar ta ɗaya ɓangaren. Masani ne da ya bi gida-gida a wata unguwar baƙar fata ta Philadelphia, ya fitar da littafinsa a 1899, inda ya danganta halin da suke ciki da wariyar aiki da ta muhalli. Da ya ga bincike mai sanyi bai hana a kashe mutane ba, sai ya bar jami'a a 1910 ya zama editan mujallar The Crisis. Waɗannan biyu sun zama ɗan jarida da masani a jiki ɗaya, ba tare da wata gidauniya ta ba su kujera ba. Ina ganin duk mai ba da tarihin zaman nazari ya kamata ya fara tuna waɗanda suka yi aikinsa tun ba a buɗe ƙofarsa ba.

Wasiyyar Agnes Nieman

Gadar da aka sake ginawa tsakanin sana'o'in biyu ita ma daga dukiyar wata matar mamaci ta fito. Agnes Wahl Nieman, matar wanda ya kafa jaridar Milwaukee Journal, ta mutu a 1936, ta bar wa Jami'ar Harvard fiye da dala miliyan 1 domin ɗaga darajar aikin jarida. Shugaban jami'ar, James Conant, bai so buɗe makarantar koyar da jarida ba. Sai ya zaɓi a riƙa gayyato ƙwararrun 'yan jarida su yi shekarar karatu guda, su shiga duk ajin da suka ga dama, babu jarrabawa, babu digiri. Rukunin farko ya zo a 1938, mutum tara, dukansu maza fararen fata. Mata da baƙar fata sai a tsakiyar shekarun 1940 suka fara samun gurbi.

Tsarin ba a yi shi musamman domin nazarin talauci ba. Wani ɗan jarida tarihi zai karanta, wani adabi, wani shari'a. Amma ya kafa wata ƙa'ida da ta ɗore: ɗan jarida da ya riga ya goge yana bukatar ya tsaya ya koyi yadda ake sanin abu, ba yadda ake rubuta shi kaɗai ba. Kusan shekara 30 aka yi kafin a ga abin da wannan ƙa'ida za ta iya haifarwa a ranar da gari ya kama da wuta.

Detroit, 1967

Philip Meyer wakili ne na rukunin jaridun Knight a birnin Washington. Ya samu gurbin Nieman na shekarar 1966 zuwa 1967, ya kashe ta wajen koyon hanyoyin binciken masana zamantakewa: yadda ake tsara tambayoyi, yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya, da yadda ake sa kwamfuta ta tace amsoshi. Bai daɗe da komawa bakin aiki ba, ranar 23 ga Yuli 1967 'yan sanda suka kai samame wata mashaya maras lasisi a titi na 12 na birnin Detroit. Tarzoma ta ɓarke, ta yi kwana biyar. Mutum 43 suka mutu, 33 daga cikinsu baƙar fata, aka kama fiye da mutum 7,000. Aka tura Meyer ya taimaka wa jaridar Detroit Free Press.

Kafin hayaƙi ya lafa, bayani ya riga ya cika gari, kuma iri biyu ne. Wasu suka ce 'yan iskan gari ne suka yi ta, waɗanda ba su yi makaranta ba kuma ba su da abin da za su rasa. Wasu suka ce baƙi ne daga karkarar kudu da suka kasa sabawa da zaman birni. Duka biyun suna nufin abu ɗaya: birnin lafiya yake, wasu ɓatagari ne kawai a cikinsa. Ɗan jaridar da ke da rana ɗaya zai tambayi kwamishinan 'yan sanda da magajin gari da mutum biyu a bakin titi, ya rubuta abin da ya ji. Meyer ya ce a gwada zancen tukuna.

Ya nemi haɗin kan masana daga Jami'ar Michigan, cikinsu akwai masanin halayyar ɗan'adam Nathan Caplan. Aka ɗauki masu tambaya baƙar fata, domin mutanen unguwa su saki jiki. Aka zaɓi gidaje ta hanyar da ke ba kowane gida dama daidai da na maƙwabcinsa. Mai sayen hatsi ya san dalilin haka, don shi ma ba ya yarda da abin da ke bakin buhu sai ya zura hannu har ƙasa. Mutum 437 aka tambaya, aka kai amsoshin ga kwamfutar jami'a. Irin wannan bincike da masana suka yi bayan tarzomar Watts ta 1965 ya ɗauke su kusan shekara biyu. Na Detroit ya fito a jarida cikin watan Agusta, makonni kaɗan bayan tarzomar.

Sakamakon ya rushe bayanin biyu a lokaci ɗaya. Kimanin kashi 11 cikin 100 ne suka amsa sun shiga tarzomar. A cikinsu, wanda ya taka jami'a da wanda bai gama sakandare ba kusan kunnen doki suke wajen yiwuwar shiga. Waɗanda suka tashi a arewa kuwa sun fi waɗanda suka taso daga kudu shiga. Ashe ba baƙi ba ne, 'ya'yan birnin ne, waɗanda aka yi wa alkawarin daidaito suna kallonsa yana wuce su. Da aka tambaye su abin da ke damunsu, sai suka ambaci cin zarafin 'yan sanda da cunkoson gidaje da rashin aikin yi.

Jaridar ta samu lambar Pulitzer a 1968 saboda yadda ta ɗauki rahoton tarzomar. Hukumar da Shugaba Lyndon Johnson ya kafa ƙarƙashin Gwamna Otto Kerner ta yi amfani da alƙaluman Detroit a rahotonta na 1968. Ta kuma juyo kan 'yan jarida, ta ce da idon farar fata suke kallon ƙasar, kuma baƙar fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan ɗakunan labarai ba. Johnson bai yi aiki da yawancin shawarwarin ba. Shi kuwa Meyer, gidauniyar Russell Sage ce ta tallafa masa ya rubuta littafinsa mai suna Precision Journalism, wanda ya fito a 1973 yana koya wa 'yan jarida aro ma'aunin masana. Dukiyar da ta biya kalandar Pittsburgh ita ce ta sake biyan wannan, bayan fiye da shekara 60.

Irin ya tsira. A 1988 Bill Dedman na jaridar Atlanta Journal-Constitution ya bi alƙaluman bashin sayen gida da doka ta tilasta wa bankuna bayyanawa, ya nuna cewa unguwannin fararen fata suna samun bashi ninki biyar na unguwannin baƙar fata masu samun kuɗi daidai da su. Hujjar cewa talauci ne ya hana su bashi ta faɗi. A 1989 majalisa ta faɗaɗa dokar, aka wajabta wa bankuna rubuta launin fata da jinsi da samun kowane mai nema.

Inda sauri ya haifi nawa

Kada mai karatu ya ɗauka duk haɗuwar masani da ɗan jarida alheri take haifarwa. A Nuwamba 1995 wani farfesan kimiyyar siyasa na Jami'ar Princeton, John DiIulio, ya rubuta a mujallar Weekly Standard cewa wani sabon irin yara marasa imani yana tafe, waɗanda za su cika titunan Amurka da jini, ya laƙaba musu suna mai kamanta su da namun daji. Hasashe ne, amma ya fito daga bakin mai digiri. Jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka suka yayata, kuma fuskar da mai kallo ke gani a zuciyarsa ta yaro baƙar fata ce daga unguwar talakawa. A cikin shekarun 1990 kusan kowace jiha ta sauƙaƙa hanyar yi wa yara shari'a irin ta manya, wannan suna kuma ya ƙara wa wutar mai. Alhali laifukan tashin hankali na matasa sun riga sun fara raguwa tun tsakiyar shekarun, suka kuma ci gaba da raguwa. DiIulio ya janye maganarsa daga baya, har ya sa hannu a wata takarda da aka miƙa wa Kotun Ƙoli a shari'ar da aka yanke a 2012. Amma shekarun da yara suka yi a kurkukun manya babu mai mayar musu.

Bambancin wannan da Detroit a fili yake. A Detroit ɗan jarida ya koyi sana'ar masani har ya iya tambayarsa: ina ka samo adadin nan, wa ka ƙirga, wa ka bari? A nan kuwa ɗan jarida ya zama mai shela kawai. Wannan ne ya sa nake ganin zaman watanni ya fi hirar minti goma ta waya. Wanda ya ci abinci da masana, ya ga yadda suke musu da juna, ya san cewa farfesa ma yana iya faɗin abin da bai auna ba.

Akwai wata damuwa kuma da ba za a tsallake ba. Kuɗin zaman nazari daga dukiyar manyan attajirai yake fitowa, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sai gidauniya ta hana a faɗi wani abu ba. Ya isa ta zaɓi tambayar da za ta biya da wadda za ta bari, da wanda za ta gayyata. Gurbin kuma kaɗan ne, kuma ya fi sauƙi ga wanda babbar jarida za ta riƙe masa kujerarsa har ya dawo.

Daga Richmond zuwa Batagarawa

Duk da haka, bukatar ta ƙaru a yau. Tsakanin 2008 da 2020 ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu da fiye da rabi. Wanda ya rage yana aikin mutum biyu, kuma lokaci ne abu na farko da ya rasa. Gidauniyar Russell Sage tana nan a Niyok, tana karɓar masana baƙi duk shekara, ta kuma buɗe gurbi ga 'yan jarida masu rubutu kan rashin daidaito su zauna tare da su. A 2018 masanin zamantakewa Matthew Desmond da abokan aikinsa a Princeton suka fitar da bayanan shari'o'in korar 'yan haya kusan miliyan 83. 'Yan jaridar New York Times suka ɗauki alƙaluman suka tafi Richmond ta jihar Virginia, inda kotu ta yanke wa kusan gida ɗaya cikin tara na 'yan haya hukuncin tashi a 2016. Shekara ta gaba birnin ya kafa shirin sasanta mai gida da ɗan haya kafin a kai ga kora.

Ƙasar Hausa ma tana da nata rabo a wannan tarihi, ta hannun Polly Hill. Baturiyar Ingila ce da ta yi aikin jarida a mujallar West Africa a farkon shekarun 1950 kafin ta koma bincike. A 1967 ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, littafinta kan garin ya fito a 1972. Bayanin da ke ajiye a wurin masu tsara ci gaba shi ne manoman karkara duk ɗaya suke a talauci. Hill ta auna gonaki ta bi rumbuna, ta nuna akwai tazara mai faɗi a cikin ƙauye guda. Wanda rumbunsa ya ƙare kafin damina dole ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke bukatar noma, ba shi da taki, kaka ta zo masa da kaɗan, badi ya sake komawa gidan jiya. Mai hali kuwa ya ajiye hatsi har farashi ya tashi. Duk manomi ya san wannan a jikinsa, amma sai da mai kunnen ɗan jarida da ma'aunin masani ta zauna kafin ya shiga littafi, kuma da Ingilishi ya shiga.

A Nuwamba 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ke fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma a jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91 cikin 100. Adadi irin wannan kanun labari ne na kwana ɗaya idan ba a samu wanda zai bi shi har ƙofar gida ba. Masana suna nan a jami'o'inmu, 'yan jarida suna nan a gidajen rediyon da talaka ke saurara da harshensa. Abin da ya rage shi ne wanda zai biya lokacin zamansu.

Kammalawa

Tarihin nan bai nuna mini cewa ƙirge yana sauya doka da kansa ba. Kotu ta soke dokar da Eastman ta taimaka aka tsara, Johnson ya ajiye rahoton Kerner a gefe. Abin da ya nuna shi ne, duk lokacin da ɗan jarida ya samu sararin koyon ma'auni, masani kuma ya samu wanda zai kai saninsa kasuwa, ƙaryar da ake yi wa talaka takan rasa wurin tsayawa. An ce ma'aikacin ƙarfe sakacinsa ya kashe shi, an ce ɗan Detroit baƙo ne jahili, an ce mai neman bashin Atlanta talaucinsa ya hana shi. Da aka zauna aka ƙirga, babu wanda ya tabbata a cikinsu. Don haka idan za a auna amfanin kowane zaman nazari, ina ganin kada a tsaya kan yawan waɗanda suka halarta ko lambobin yabon da suka ciwo. A duba ko ɗan jaridar ya dawo da halin tsayawa ya tambayi hujja a ranar da kowa ya riga ya yarda cewa laifin na talaka ne.